Wace manhaja ce za ta zana maka gulbin da ke ƙafewa da rani?

Wata ƙanwata da ke rubuta labari a waya, tana sakin shi babi-babi ga masu karatunta a WhatsApp, ta same ni bayan la'asar da littafin makaranta a hannu. Labarin nata na wata daula ce da ba a taɓa yin ta ba: birane 4 masu ganuwa, sarauniyar aljannu a ƙarƙashin tabki, da ayarin fatake da ya ɓace tsakanin rijiyoyi biyu. Wata mai karatu ce ta kamo ta. Jarumin labarin ya kwana uku a hanya kafin ya kai birnin maƙiya, amma da ya tashi dawowa, kan jakin nan dai, sai ga shi gida kafin azahar. "Yaya," ta ce, "taswira nake so. Wace manhaja zan ɗauka?"

Na daɗe ina wannan aikin, na kaina da na abokai marubuta, kuma amsar da na ba ta ta fi ƙarfin zama ɗaya. Shi ya sa na rubuta ta.

Masu kwatanta waɗannan manhajoji a Turai da Amurka kyan zane suke fara dubawa. Mu a Maraɗi akwai abin da ke gaban kyau. Idan kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ana tsakar aiki, me zai tsira? Mega nawa aikin zai ci? Kuɗin sau ɗaya ake biya ko duk wata, kuma da wane kati? Sai tambayar da ta fi damuna, wadda ba na ganin kowa na yin ta: shin manhajar ta san irin ƙasarmu? Yawancinsu an gina su ne da tunanin tsibiri a tsakiyar teku, duwatsu masu ƙanƙara, dajin itatuwa masu tsini da fadar dutse mai hasumiya. Marubucin da ya tashi a bakin Gulbin Maraɗi kuwa abin da ke kansa dabam ne: kuka da gawo, fadama, tudu, rijiya, zango, rumbu, ganuwar laka, da ruwan da yake zuwa da damina ya tafi da rani.

Zan fara da wadda na fi daɗewa a cikinta, wato Azgaar's Fantasy Map Generator. Wani mai suna Max Haniyeu ne ya fara ta a 2017, kyauta ce, kuma a burauza take aiki. Kana buɗe ta za ta ƙago maka nahiya sukutum. Yadda take yi shi ne ta yanka filin zuwa dubban ƙananan gurabe, ta ba kowane gurbi tsawonsa daga ƙasa, sannan ta lissafa zafi da ruwan sama bisa inda ka aje duniyar taka a doron ƙasa da inda iska ke busowa. Daga nan ruwa ya gangara ya zama koguna, ciyayi su rabu zuwa hamada da saura da daji, mutane su taru inda ruwa da hanya suke, dauloli su shata iyaka. Duk wannan a ƴan daƙiƙoƙi.

Amfaninta ga marubuci shi ne ba ta barin ka ka yi wa ƙasa ƙarya. Kuskuren da ya fi yawa a taswirar ƴan koyo shi ne kogi ya taso daga teku ya faɗa wani teku, ko ya rabu biyu a tsakar fili ba dalili. Ruwa daga tudu yake sauka, ƙoramu haɗuwa suke yi, ba su cika rabuwa ba sai kusa da bakin teku. Azgaar ta san wannan. Ta kuma san tabkin da ba ya da mafita, irin Tabkin Chadi da Komadugu ke zuba a ciki ba tare da ruwan ya kai teku ba. Tana da tabkin gishiri da busasshen tabki a jerinta. Idan ka ja duniyar taka zuwa yankin zafi ka rage ruwan sama, za ka ga ƙasa mai kama da tamu ta fito, kore a kudu, rairayi a arewa.

Abu biyu na fi so a cikinta. Na farko sunaye. Tana da wurin da za ka zuba jerin sunayen garuruwa na gaske, ita kuma ta koyi yadda gaɓoɓinsu ke bin juna ta ƙago sababbi. Na taɓa zuba mata sunaye daga nan yankin, irin su Tasawa, Mayahi, Dakoro, Gazawa, Madarunfa, Tsibiri da Gidan Rumji, da wasu da yawa daga Katsina da Damagaram. Rabin abin da ta fitar ba ya shiga bakin Bahaushe, amma a cikin sauran akwai waɗanda za ka rantse ka taɓa cin kasuwarsu. Gwargwadon yawan sunayen da ka ba ta, gwargwadon kyan abin da za ta mayar maka. Na biyu ma'auni. Tana da abin awon nisa, kuma tana yarda ka raɗa wa ma'aunin sunan da kake so. Ni nakan ce masa zango, tafiyar yini ɗaya. Daga Maraɗi zuwa Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya wajen kilomita 90 ne, wato kusan kwana uku ga mai kora jakai da kaya. Daga Maraɗi zuwa garin Tsibiri kuwa sammako ɗaya ne. Idan ka riƙe waɗannan biyun a kai, ba za ka sake mayar da jarumi gida kafin azahar ba.

Inda ta gaza ma ba ɓoyayye ba ne. Ba ta san gulbi ba. Kogi a wajenta kogi ne, shuɗi daga Janairu har Disamba. Namu kuwa ya taso daga ƙasar Katsina, ya ratso ta Madarunfa da Maraɗi, ya koma Najeriya ya shiga Rima, kuma yawancin shekara yashi ne da mutane ke takawa da ƙafa. Wannan bambancin labari ne guda: dakarun da suka ƙetare da rani ba za su iya komawa a watan Agusta ba. Kuma gulbin da yake kwance shiru shi ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, har aka hau da gari bisa tudu. Manhajar ba za ta ba ka wannan ba, sai ka sa da hannunka. Bayan haka, maɓallanta suna da yawa har su tsorata baƙo, da Ingilishi take, a waya kuma wahala ce zalla. Kwamfuta take so. Kyan fuskarta ma na littafin labarin ƙasa ne, ba na bangon littafin almara ba.

Gargaɗi ɗaya da na saya da tsada. Na taɓa yin kwanaki ina gyara wata daula a kwamfutar wani siber, na aje aikin a ma'ajiyar burauza, na dawo na tarar an share komai na kwamfutar. Duk wanda zai yi aiki da ita ya sauke fayil ɗin taswirar, mai ƙarewa da .map, ya sa a filash ko ya tura wa kansa, duk lokacin da zai tashi.

Inkarnate ita ce kishiyarta. Ita ma a burauza take, amma ba ta lissafa komai. Fenti take ba ka da hatimai: ka shafa ƙasa, ka shafa ruwa, ka dangwala dutse, itace, gari. Cikin yammaci ɗaya wanda bai taɓa zane ba zai fitar da abin da zai sa a bangon littafi mutane su yaba. Tana da kashi na kyauta mai ƙarancin hatimai da ƙaramin hoto, da kashi na biya, na wata ko na shekara, kuma wanda zai sayar da littafi da taswirar a ciki na biyan yake buƙata. Matsalarta a wajenmu uku ce. Ba ta motsi sai da intanet, hotunan hatimanta kuma suna da nauyi, saboda haka mega na tafiya kana kallo. Aikinka yana zaune ne a wajensu. Abin da kake iya saukewa hoto ne da aka gama, ba wanda za ka buɗe a wata manhaja ka matsar da gari ba. Sannan kayan adonta sun fi karkata ga Turai ta zamanin da. Akwai rairayi da dabino, amma hamadar tatsuniyar Larabawa ce, ba saurar Gobir ba. Na ga taswirar wani labarin Hausa mai kyau ƙwarai, sarki da galadima da magajiya duk sun hallara, amma fadar sarkin hasumiyar dutse ce mai jan rufi. Raina bai so ba, domin marubucin ya fi ƙarfin wannan rigar aro.

Wonderdraft tana tsakaninsu, kuma ita ce zan ce wa mai hali ya saya. Ana sauke ta a kwamfuta, Windows ko Mac ko Linux, a biya sau ɗaya, kusan dalar Amurka 30, wato wajen jika 17 zuwa 18 na sefa gwargwadon canjin rana. Daga nan ba ruwanta da intanet. Ga wanda ke aiki da batirin kwamfuta tsakanin zuwan kuran da tafiyarsa, wannan kaɗai ya isa hujja. Tana zana gaɓar ƙasa mai kyau da kanta, tana da alƙalamin kogi da na hanya, launinta kuma mai taushi ne kamar na tsohuwar takarda.

Abin da ya ɗaga ta sama a idona shi ne tana karɓar hatiman da ka zana da kanka. Ka zana kuka guda uku masu siffa daban-daban a farar takarda da baƙin biro, ka ɗauki hoto, ka cire farin bayan, ka aje su a matsayin PNG a jakar kayanta, shi ke nan ka sami dajin kuka da za ka shafa ko'ina. Haka rumbu, haka bukka, haka rijiya da gwafarta, haka ƙofar gari mai zankwaye. Aikin sati ɗaya ne, amma kayan sun zama naka har abada, kuma taswirarka ba za ta yi kama da ta kowa ba. Tana karɓar salon haruffa daga waje ma, abin da zan dawo kansa. Sai dai tana son kwamfuta mai ɗan ƙarfin hoto. Tsofaffin nan da ake sayarwa na hannu, idan taswira ta yi girma hatimai suka yi yawa, sai su fara nishi. Wanda zai saya ya fara duba abin da masu ita suka ce kwamfuta ta mallaka, domin kuɗin da aka tura da kati ba ya dawowa da sauƙi. Shi kansa katin wani aiki ne: dole sai mai biya a intanet, na banki ko irin wanda ake lodawa.

Campaign Cartographer ta kamfanin ProFantasy tsohuwa ce a fagen, an gina ta kan manhajar zanen injiniyoyi, Windows take so, koyonta na da wuya, ƙarin kayanta kuma kowanne da kuɗinsa. Mai sana'ar taswira zai more ta. Marubucin da ke son shafi ɗaya a farkon littafinsa ya wuce ta.

Ga taswirar cikin gari akwai kayan Watabou, na Oleg Dolya, kyauta a burauza. Dannawa ɗaya za ta fitar da birni mai ganuwa da unguwanni da tituna, ka sauke shi a matsayin SVG, wato fayil ɗin zanen layi. Tana da daɗin wasa, amma birnin Turai take haifa, gidaje cunkushe har jikin katanga. Birnin Hausa ba haka yake ba. Ganuwa takan zagaye gonaki da fili da kududdufai tare da gidaje, domin gari ya ci ya sha ko an yi masa ƙawanya. Dutsen Dala ma a cikin ganuwar Kano yake. Akwai ƙofar fada da filinta, masallacin Juma'a, kasuwa, unguwar maƙera, marina, da zangon baƙi. Abin da nake yi shi ne in ɗauki zagayen ganuwar da manyan titunan, in share kusan rabin gidajen, in mayar da wurin gona.

Wannan sharewar a Inkscape nake yin ta, kuma nan ne maganar ta koma kan kayan zane na kowa da kowa, wato Inkscape da Krita da GIMP. Duka kyauta ne, duka suna aiki ba intanet, kuma duka ana iya juya su zuwa Faransanci, abin da ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda ya yi lakwal a Nijar. Ba su san taswira ba. Ba za su zana maka dutse ko ɗaya ba. Amma suna aiki falle-falle, ƙasa a falle ɗaya, ruwa a wani, hanyoyi a wani, sunaye a can sama, yadda za ka gyara ɗaya ba ka taɓa sauran ba. Bambancinsu shi ne Krita da GIMP da ɗigo suke zane, in ka faɗaɗa hoton fiye da kima sai ya dushe, Inkscape kuwa da layi take zane, ko ka mayar da shi girman bango ba zai lalace ba. Azgaar tana fitar da SVG, Inkscape kuma SVG ne abincinta, saboda haka sun dace kamar tukunya da murfi. A nan nake goge shuɗin kogin in sake zana gulbi da tsinkakken layi, in sa ɗigo a kowace rijiya, in bi hanyar fatake daga zango zuwa zango. A ƙasa irin tamu rijiya ce ke shata hanya. Ayarin gishiri da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Fashi da Bilma ruwa yake bi, kuma taswirar da ta nuna inda ruwa yake ta riga ta gaya wa mai karatu inda za a yi kwanton ɓauna.

Sai haruffanmu. Wannan ne tarkon da kusan kowa ke faɗawa. Kyawawan salon rubutun nan masu kama da na tsohon alƙalami yawancinsu ba su da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ka rubuta Ƙofar Ɗanya, sai manhaja ta sa maka akwati a gurbin harafin, ko ta aro shi daga wani salo ya tsaya daban kamar baƙo a taro. Wasu sai su haƙura su cire ƙugiyar, alhali ƙofa ba kofa ba ce, ɗaki kuma ba daki ba ne. Kafin ka so wani salo, fara gwada shi da waɗannan huɗun, manya da ƙanana. Charis SIL da Gentium da Andika da Noto Serif duk suna da su, kuma kyauta ne. Mai son rubuta sunaye da ajami, wanda yake ƙara wa taswirar daular da kwarjini ƙwarai, ya nemi Alkalami ko Harmattan, na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, waɗanda aka yi domin rubutun wannan yankin namu. Dokata a nan ɗaya ce ko da wace manhaja na yi zanen: in fitar da taswirar ba suna ko ɗaya, in rubuta sunayen a Inkscape. Idan sunan gari ya canja a babi na 50, gyaran minti ɗaya ne.

Wani zai ce me ya sa ba za a gaya wa manhajojin ƙirƙirarriyar basira su zana ba a huta? Suna fitar da hoto mai ɗaukar ido, gaskiya ne. Amma sunayen sukan fito a hargitse, koguna su hau tudu, kuma idan ka ce a matsar da gari ɗaya gabas sai duk ƙasar ta canja. Ƙanwata nisa take so ta auna, wannan kuwa ba a auna komai a kansa. Na yarda da su wajen neman launi ko kalar tsohuwar takarda, ban wuce nan ba.

Tunda na ambaci gabas: ba dole ba ne arewa ta kasance a sama. Al-Idrisi da ya zana taswirar duniya a 1154 kudu ya sa a sama. Mutanen da suke fuskantar gabas sau biyar a yini, idan mai zanen fadarsu ya sa gabas a saman takarda ba wanda zai yi mamaki. A Inkscape juya taswira dannawa ɗaya ce, in dai sunayen suna fallensu daban.

Inda taswirar za ta ƙare shi ma yana cikin zaɓin. Idan bugawa za a yi, littattafanmu galibi baƙi da fari ne, kuma taswirar Inkarnate mai kore da shuɗi da ruwan ƙasa idan ta bi ta injin hoto sai ta koma toka ɗaya, ba a gane daji da tabki. Zanen layi baƙi a kan fari shi ke tsira. Shafin A5 milimita 148 ne a 210, kuma a ɗigo 300 kowane inci yana buƙatar hoto mai ɗigo 1748 a 2480. Wanda ya fara da ƙasa da haka zai sake aiki. Idan kuma a waya za a karanta, a rage sunaye, a ƙara musu girma, kuma a tura taswirar a WhatsApp a matsayin fayil, domin in an tura ta a matsayin hoto yana matse ta har ƙananan rubutu su narke.

Ga yadda na yanke. Wanda ke da intanet tsayayye, yana son hoton talla na gaggawa, kuma duniyarsa ba ta damu da kama da tamu ba, Inkarnate ta ishe shi. Wanda ke da kwamfuta mai ƙarfi da jika 18, kuma yana da niyyar littafi fiye da ɗaya, ya sayi Wonderdraft ya zauna ya zana hatimansa. Wanda bai riga ya san siffar ƙasarsa ba, ko yana son sanin wace daula ke maƙwabtaka da wace, ya fara da Azgaar ko da a wani wuri zai ƙarasa. Mai waya kaɗai kuma ya zana a takarda, ya ɗauki hoto, ya bi layin falle-falle a ibisPaint, manhajar zane ta waya.

Ƙanwata ba ta da kati, kwamfutar gidansu kuma tsohuwa ce, ƙasar tata kuwa ta riga ta san ta ciki da bai. Saboda haka ban ba ta ko ɗaya daga cikin masu ƙago ƙasa ba. Na ce ta koma babi na 1 ta fitar da kowace tafiya da ke labarin, daga ina zuwa ina, kwana nawa, a ƙafa ko a kan doki, da rani ko da damina. Ta dawo bayan kwana biyar da tafiyoyi 23 a shafi biyu. Muka baje su a takarda da fensir da zare, kowane ƙulli zango ɗaya, har garuruwan suka zauna inda lissafi ya yarda. Guda biyu ne suka ƙi, ta ce za ta gyara babin. Na sa mata Inkscape da Charis SIL a kwamfutar daga filash ɗina. Da za ta tafi ta tsaya a zaure ta ce, "Yaya, tabkin sarauniyar fa, shi ma yana janyewa da rani?" Na ce ita za ta faɗa. Ta ce to lallai akwai ƙofar fadar da ba a ganin ta sai a watan Afrilu, kuma ta nan ayarin ya shiga.